Mai Ƙuli da Mai Gas: Kuɗin Goron da Dokar Tsara Gari Take Yi wa Masu Sana'a a Gida

A layinmu akwai gidaje biyu da nake so mai karatu ya riƙe a ransa. Na farko na gwaggona ne. Shekara talatin da ɗoriya ke nan tana matsar man gyaɗa tana toya ƙuli a tsakar gida, yara na shiga da kwalba suna fitowa da mai, kuma da wannan sana'a ta aurar da 'ya'ya mata huɗu bayan rasuwar mai gidanta. Na biyun, gida huɗu tsakaninsu, bara mai shi ya fasa katangar gareji ya sa ƙofar ƙarfe ya ba wani yaro haya. Yanzu tukwanen gas ne jere a ciki, ana ɗura wa mutane daga babbar tukunya zuwa ƙarama, ga mai shayi da murhunsa taku goma daga bakin ƙofar.

In aka koma ga takarda, gidajen nan biyu matsayinsu ɗaya. Fulotai ne da gwamnati ta yanka, kuma a takardar kowanne an rubuta cewa na zama ne. Wannan kuɗin goro shi ne abin da yake damuna.

Ga yadda abin yake. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, shi yake ba mutum shaidar mallaka, kuma a jikin shaidar ake rubuta abin da aka ba da filin dominsa: zama, kasuwanci, masana'anta ko noma. Sashe na 28 na dokar ya ba gwamna ikon soke mallaka idan aka saɓa sharuɗɗan da ke cikin takardar. Wanda yake so ya mai da gidan zama wurin kasuwanci sai ya nemi izinin canjin manufa, ya biya kuɗi, ya jira. A Kano hukumar KNUPDA ce take kula da tsarin gine-gine, a Kaduna KASUPDA, a Abuja kuma sashen kula da gine-gine na hukumar birnin tarayya. Akwai dokar tsara birane ta tarayya ta 1992, amma a 2003, a shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Ma'ana, gyaran da zan nema ba sai an je Abuja ba. Majalisar dokokin jiha da gwamna sun isa.

Tunanin cewa wurin kwana daban, wurin nema daban, baƙo ne a ƙasar Hausa, kuma mun san ranar da ya sauka. Dokar garuruwa ta Gwamna Lugga ta 1917 ita ce ta kasa gari kashi-kashi, aka ware wa Turawa unguwarsu, aka bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakaninsu da 'yan ƙasa, wai don gudun sauro da cuta. Daga nan muka gaji Nassarawa a Kano da sauran unguwannin da har yau ake kira GRA. Baturen mulki yana da ofis da zai tafi da safe, yana da albashi ƙarshen wata, don haka gidansa na hutu ne kawai. Da ya tafi sai muka ɗauki ma'aunin gidansa muka riƙa auna gidan kowa da shi.

Amma shiga cikin birnin Kano ka karanta sunayen unguwanni: Soron Ɗinki, Dukawa, Takalmawa, Lokon Maƙera. Sana'a ce ta raɗa musu suna, domin a nan ake kwana kuma a nan ake aiki. Zauren Bahaushe ɗakin baƙi ne, makaranta ce, shagon ɗinki ne, wani lokaci duka uku a yini guda. Cikin gida kuwa kasuwa ce sukutum wadda namiji baƙo ba ya gani. Polly Hill, Baturiyar da ta yi bincike a Batagarawa ta Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta kira abin da ta tarar ɓoyayyen ciniki, saboda yawan hatsi da abinci da kuɗin da suke zagayawa tsakanin matan da ba sa fita. Yau jikokinsu ne suke haɗa turaren wuta da humra, suke gasa kek, suke sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp, ɗan sahu ko ɗan acaɓa ya kai wa mai saye. Ƙididdigar 2021 ta SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna ƙanana da matsakaitan sana'o'i a Najeriya sun kusa miliyan 40, mafi yawansu na mutum ɗaya ne ko biyu. Ina za a samo musu shaguna miliyan 40? Wa zai biya hayar?

Dokar da ta mai da kusan kowa mai laifi ba ta hana komai. Abin da take yi shi ne ta ba wanda ke riƙe da gwangwanin jan fenti damar zaɓar wanda zai shafa wa. Mai ƙarfi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Duk wanda ya san Nassarawa shekara talatin baya ya san yadda gidajen zama suka rikiɗe suka zama makarantu masu zaman kansu da asibitoci da ɗakunan biki, haka titin Aminu Kano da na Adetokunbo Ademola a Wuse II ta Abuja, waɗanda aka tsara don zama suka koma bankuna da otal da kantuna. Irin waɗannan, in an tashi magana, tara ake ci a daidaita takarda. Bazawara mai keken ɗinki kuwa ba ta da lauya, ba ta ma san akwai wani abu wai shi canjin manufa ba, sai ranar da maƙwabciyar da suka yi faɗa ta kai ƙararta.

Kada a ɗauka ina cewa a bar kowa ya yi abin da ya ga dama. Na zauna shekara biyu a gidan haya da injin niƙa a bayan ɗakina, na san yadda ake tashi da asuba da ƙarar da take shiga har cikin haƙori, na ga yadda bango yake tsagewa sannu a hankali. Akwai mai gidan kaji da warinsa ke hana maƙwabta shan iska a tsakar gida lokacin zafi. Akwai mai ruwan leda da janaretansa ba ya mutuwa, motocinsa sun toshe layi. Akwai masu fasa katanga su tura shago kan magudanar ruwa, damina ta zo ruwa ya rasa hanya ya shiga ɗakunan mutane. Sannan akwai wanda ya fi duka, mai gas da ɗan bumburutu mai ajiye jarkokin fetur a soro. A ranar 4 ga Janairun 2020 wani shagon ɗura gas ya fashe a Sabon Tasha ta Kaduna, cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana nazarin makamashi mafi haɗari, tukunyar gas a shagon unguwa ce ta yi ajalinsa.

To da me za a raba gwaggona da yaron gareji? Ma'aunin yana hannunmu tun da daɗewa, a cikin fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu suka yi hukunci da shi kafin zuwan Turawa. Tushensa hadisin nan ne, babu cuta babu cutarwa. Malamai sun gina hukunce-hukunce dalla-dalla a kansa game da hayaƙin gidan burodi, warin majema, ƙarar maƙera da girgizar dutsen niƙa. Ibn al-Rami, wani magini da alƙalan Tunis suke aikawa ya duba rigingimun maƙwabta a ƙarni na 14, ya rubuta yadda ake gane ko niƙa tana cutar da bangon maƙwabci: a rataye takarda da zare huɗu daga rufin da ke kan bangon, a ɗora busassun 'ya'yan kusbara, wasu ƙananan ƙwayoyin kayan ƙamshi, a kai, a sa dabba ta juya dutsen. In ƙwayoyin sun motsa, akwai cuta, a hana. In ba su motsa ba, mai ƙara ya haƙura. Ina sha'awar wannan gwaji ƙwarai. Ba ya tambayar sunan unguwa ko abin da aka rubuta a takarda. Bango yake tambaya.

Abin da nake nema daga majalisun jihohinmu shi ne su rubuta wannan ma'auni cikin doka da harshen da kowa zai gane. Sana'ar da mazaunin gida yake yi da hannunsa, ba hayaƙin da ya wuce na girki, ba ƙarar da ta tsallake katanga, ba ta ci titi ko kwata ba, a ce ƙarara halal ce, ba ta buƙatar izinin kowa kuma ba ta taɓa takardar fili. Ɗinki, kitso, lalle, saƙa, abincin sayarwa, koyar da yara, aikin kwamfuta, duk su shiga nan. Tsaftar abin da ake ci kuwa aikin duba-gari ne da NAFDAC, ba na masu tsara gari ba.

Inda aikin yake da wuya shi ne na tsakiya: injin niƙa, walda, kafinta mai injin yanka, gidan burodi, kaji masu yawa. Unguwa tana buƙatar wasunsu, domin babu matar da za ta hau mota zuwa unguwar masana'antu ta Sharaɗa don ta niƙa tasa ɗaya ta masara. A nan izini ya dace, amma mai araha, na shekara-shekara, da sharuɗɗa a rubuce: ƙarfe nawa za a kunna, ƙarfe nawa za a kashe, tazara nawa daga bangon maƙwabci, ina ruwan datti zai bi. A saurari maƙwabtan da suka haɗa katanga kafin a bayar, a gaban mai unguwa. Na san za a ce mai unguwa mutum ne, yana da surukai da abokan gaba, kuma gaskiya ne. Shi ya sa nake so ya zama shaida, ba mai yanke hukunci ba, kuma wanda aka hana ko wanda aka cuta ya sami inda zai ɗaukaka ƙara ba tare da ya sayar da akuyarsa ba. Duk da haka mai unguwa ya fi jami'in da ke ofis sanin wane gida ne ke da tsoho marar lafiya.

Gas da fetur da sinadarai masu kamawa da wuta kuwa, ba su da wurin zama a tsakanin ɗakunan kwana, ko maƙwabta sun yarda ko ba su yarda ba, domin yaran da ke wucewa zuwa Islamiyya ba a tambaye su ba. Lasisin wannan harka yana hannun NMDPRA, hukumar tarayya mai kula da harkar rarraba mai da gas, izinin wuri yana hannun jiha, kuma a tsakanin hannayen biyu ne shagunan gareji suke tsirowa. In jami'an tsara gari suka daina ɓata ƙafa a kan masu keken ɗinki, za su sami lokacin zaga layi-layi su ƙirga tukwane.

Ranar Juma'ar da ta wuce na shiga gaida gwaggo, na tarar tana kwashe ƙuli daga kasko. Na ba ta labarin abin da nake rubutawa, na ce mata a takarda ita ma mai laifi ce. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, “Kai ɗan nan, to su zo su kama ni mana.” Sai kuma ta yi shiru, ta nuna ƙofa da matsami, ta ce in na fita in gaya wa ƙaramin jikanta ya daina bi ta gaban garejin nan in an aike shi, ya zaga ta bayan masallaci.