Haraji da gudu, gyara da rarrafe

Tura ta kai bango, jama'a. Mutanen gida suna ɗauka duk wanda ke zaune a Landan ya rabu da ciwon kan ƙaramar hukuma, to ku zo ku ji. Birnin nan ƙananan hukumomi 32 ne, ban da tsohon cikin gari mai tsarinsa daban, kuma kowacce ita ke da alhakin kwashe shara, gyaran ƙananan tituna, ɗakunan karatu, gidajen haya na hukuma da kula da tsofaffi. Tamu ba zan kama sunanta ba, ta san kanta.

Mujallarta ta sake faɗowa ta ramin ƙofa, takarda mai sheƙi, shafi bayan shafi. Ga shugaban majalisa yana murmushi da shebur a hannu wai ana dasa itace. Ga sanarwar bikin bazara a filin shaƙatawa, za a yi kiɗa, a zana wa yara fenti a fuska. Can tsakiya kuma an jera abin da suka kira buƙatun mazauna, wai mu muka zaɓa: unguwa mai tsabta, unguwa mai aminci, unguwa mai adalci. Wane mazaunin? Ni dai a layinmu babu wanda aka tambaya. Taron jin ra'ayin da suke taƙama da shi ranar aiki ake sa shi, da hantsi, lokacin da direban bas yana kan hanya, mai jinyar tsofaffi tana gidan mutane, mai gadin dare kuma yana ramuwar barci. Sai 'yan fansho da masu hali su je su cika kujeru, a ɗauki hoto, a ce al'umma ta yi magana.

Unguwa mai tsabta fa suka ce. Da duk mako motar shara ke zuwa, yanzu sai bayan mako biyu. Gidan da ke da yara da jariri mai sa kunzugu, ku gaya mini yadda kwando ɗaya zai kai shi. Murfi ya ɗan ɗaga, ma'aikata su wuce shi, su manna masa takardar gargaɗi. Dare ya yi ɓeraye da yanyawa su yage leda, gari ya waye ƙashin kaza da ɓawon ayaba har bakin titi. Akwai wata katifa da wani marar tsoron Allah ya jefar a kwanar layinmu, ruwa ya dake ta, rana ta busar, ruwa ya sake duka. Mun kai rahoto ta intanet, aka ba mu lamba. Muka koma duba lambar, sai muka ga an rubuta an kammala aiki. Katifa kuwa tana nan daram. Ka ce ka gaji za ka buga waya, sai na'ura ta amsa, danna ɗaya, danna uku, ta sa maka kiɗa har kunnenka ya yi zafi, ƙarshe ta ce ka koma shafinsu na intanet.

Amma ka makara da harajin gida ka ga ikon Allah. Nan take wasiƙa za ta iso, an ba ka kwana 7. Ka wuce wa'adin, a ce kuɗin shekara gaba ɗaya ake so yanzu, ba sauran biya wata-wata. Daga nan sai kotu, a ɗora maka kuɗin shari'a, sai masu karɓar bashi a bakin ƙofa. Haka tarar mota. Motarka ta tsaya a kan zanen ɗorawa na mararraba ko ka kutsa layin bas bisa kuskure, kyamara ta gan ka, hotonka zai zo har gida da minti da daƙiƙa. Tun Afrilun 2025 tarar tana kaiwa fam 160 a Landan, a yi maka ragin rabi in ka yi saurin biya. Wato suna da idon ganin taya a kan fenti, ba su da idon ganin katifa a kan hanya.

Shi kansa harajin abin takaici ne. An fara shi a 1993, kuma har gobe a Ingila ana auna gida ne da darajar da yake da ita a Afrilun 1991, aji takwas kacal. Mai katafaren gida na ajin ƙoli ninki uku kawai yake biya na abin da mai ƙaramin ɗaki na ajin ƙasa ke biya. Kowace shekara kuma sai an ƙara, yawanci kashi 4.99 cikin ɗari, domin nan ne iyakar da za su kai ba tare da an yi ƙuri'ar raba gardama ba. Ku lura da wayon, ko biyar ɗin ba sa cikawa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gidaje. Wata baiwar Allah a benenmu, gidan hukuma take haya, bangon ɗakin yaranta ya yi baƙi ƙirin da funfuna, ƙaramin kullum cikin tari. Da aka turo mai dubawa, shawarar da ya bayar ita ce ta riƙa buɗe taga, ta daina shanya a ɗaki. A tsakiyar hunturun Ingila! Irin maganar nan ce aka yi ta yi wa mutane har Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu, ya rasu a garin Rochdale da ke arewacin Ingila a Disambar 2020, bincike kuma ya tabbatar funfunar gidansu ce sanadi. Sai da rai ya salwanta aka yi doka da sunansa, wadda ta fara aiki a Oktobar 2025, ta sa wa masu gidajen wa'adin dubawa da gyarawa. Dokar tana takarda, mu dai muna jiran ganin ta a jikin bango.

Na san amsarsu: babu kuɗi. Kuma ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Tun 2010 gwamnatin tsakiya ta yi ta datse abin da take ba su, ɗakunan karatu ɗaruruwa suka rufe a faɗin ƙasar. Kula da tsofaffi da yara marasa galihu yana lashe mafi yawan kasafi, ƙungiyar ƙananan hukumomin Landan kuma ta ce a 2024 suna kashe kimanin fam miliyan 4 kowace rana wajen sama wa marasa gida masaukin wucin gadi. Na yarda. To me ya hana a fito a faɗa mana haka ƙarara, maimakon a buga mujalla mai sheƙi ana yi mana daɗin baki? Kuma ba duka laifin gwamnatin tsakiya ba ne. Ƙaramar hukumar Croydon da ke nan Landan ta shiga harkar gine-gine da sayen otal da bashi, ta durƙushe a 2020, ta sake a 2022, aka ɗora wa mazauna ƙarin kashi 15 cikin ɗari a 2023. Hukumar birnin Birmingham ta ayyana cewa ta tsiyace a Satumbar 2023, aka ƙara haraji kusan kashi 10, sannan masu kwashe shara suka shiga yajin aiki a 2025 har tan 17,000 ya taru a tituna. Manya su yi ɓarna, talaka ya biya.

Kada a ce ina ƙin biki. Yarana suna son sa, ni ma ina zuwa, musamman in an ba da fili an yi sallar Idi. Amma ana ga yaƙi suna ga ƙura. A ɗauke kuɗin mujallar a ɗauki mutum mai rai ya riƙa amsa waya. A mayar da taron jin ra'ayi ranar Asabar ko bayan magariba, a zo harabar masallaci da coci da bakin tasha inda mutane suke.

'Yan uwa 'yan Najeriya da Ghana da Kamaru da ke zaune nan da takardu, doka ta ba mu damar yin rajista mu jefa ƙuri'a saboda ƙasashenmu suna cikin ƙungiyar Commonwealth ta ƙasashe renon Ingila, kuma duk shekara huɗu ake zaɓen kansiloli a Landan. Duk ɗan takarar da ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ba zan karɓi takardarsa ba sai ya biyo ni mun hau bene ya ga bangon ɗakin yaran nan, ya kuma faɗa mini ranar da za a zo gyara.