Rikicin WordPress: wa ya ce dole kowane shafi ya kwana da inji a kunne?

Faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi, amma wanda aka tafka tsakanin Matt Mullenweg, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro manhajar gina shafukan intanet ta WordPress, da kamfanin WP Engine mai ajiye wa mutane irin waɗannan shafuka, ya taɓa mutanen da ko sunan mutumin ba su taɓa ji ba. A Satumban 2024 ya kira kamfanin cutar daji ga WordPress, bayan 'yan kwanaki ya toshe masa hanyar WordPress.org, inda ake ɗauko gyare-gyaren tsaro. A Oktoba ya karɓe manhajarsu ta Advanced Custom Fields ya sauya mata suna. Sai a Disamba wata kotu a Kalifoniya ta ce a buɗe ƙofa.

Abin haushin shi ne darasin da masu gina shafuka suka ɗauka: a canza kamfanin da ke ajiye shafi, shi ke nan. Ba wanda ya tsaya ya tambayi me ya sa shafin makaranta mai adireshi, hoton ƙofar shiga da jerin kuɗin zango zai shiga haɗari don wasu attajirai biyu sun yi cacar baki a Amurka.

Dalilin yana cikin yadda aka gina abin. Duk sanda mutum ya latsa shafi, sai manhajar PHP da ke kan sabar, wato kwamfutar da ke ajiye shafin, ta farka, ta tambayi rumbun bayanai na MySQL, ta harhaɗa rubutu da hoto, sannan ta miƙa. Wani ya zo bayan daƙiƙa ɗaya, a sake daga farko, alhali ko wasali bai canza ba tun bara. Kamar mai shayin da ke kashe wuta ya sake hurawa ga kowane mai saye. Kuma muddin injin yana kunne, ƙofarsa tana kallon titi: shafin shiga na mai gudanarwa a buɗe yake ga duk duniya, injinan masu kutse suna gwada kalmar sirri dare da rana. A Oktoban 2014, da aka gano ɓaraka a Drupal, wata manhajar gina shafuka irin WordPress, masu kula da tsaronta da kansu suka ce wanda bai yi gyara cikin awa bakwai ba ya ɗauka an riga an shiga masa. Awa bakwai! Wane shugaban makaranta ne ke bibiyar irin wannan sanarwa?

Mafitar ba ta buƙatar a yar da WordPress. A bar ta a kwamfutar ofis ko a wata sabar da ba kowa ya san ta ba. Sakatare ya yi rubutunsa kamar yadda ya saba, ya danna maɓalli, manhaja irin Simply Static ta fitar da kammalallun shafukan HTML, a ɗora su a ma'ajiyar shafuka irin GitHub Pages ko Cloudflare Pages, waɗanda ƙaramin shafi ba ya biyan ko sisi a kansu. Abin da jama'a ke gani fayiloli ne kawai. Babu rumbun da za a fasa, babu ƙofar da za a ƙwanƙwasa, kuma idan gyaran tsaro ya makara da mako guda ba wanda zai rasa barci. Mai son farawa daga tushe yana da Hugo ko Jekyll, manhajojin da ke fitar da irin waɗannan fayiloli, ya ɗora Decap CMS a kai don marubuta su samu wurin rubutu.

Za a ce ai akwai dabarar adana kwafin shafi don rage wa sabar nauyi. Wannan na rage gumi ne, ba ya rufe ƙofa. Masu cewa komawa baya ne kuwa, su tuna manhajar Movable Type haka take aiki tun 2001, shekara biyu kafin a haifi WordPress. Shafin karɓar gudummawa na yaƙin zaɓen Obama a 2012 da Jekyll aka gina shi, ya kuma tara kusan dala miliyan 250. Mujallar Smashing Magazine, wadda masu wannan sana'a ke karantawa, ta bar WordPress a 2017 ta koma wannan hanya. Mai kanti da dubban kaya da kwastomomi masu asusu, shi kam ya riƙe injinsa. Amma nawa ne irinsa?

Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce shafin da ba ya lalacewa ba ya kawo kuɗin wata. Mai ginawa ya fi son ya sayar wa ƙungiya abin da zai riƙa dawowa yana gyarawa, ga kuɗin hayar sabar da ake lissafawa da dala, wanda tun faɗuwar naira a 2023 ya zama wa ƙananan ƙungiyoyi a Najeriya ƙarfen ƙafa. Ya jibga ƙarin manhajoji ashirin da ko shi bai san wa ya rubuta su ba, ya kira abin zamani, ranar da shafin ya koma tallan caca ya ce ai laifin masu kutse ne. Wannan ba ƙwarewa ba ce, ci da gumin wanda bai sani ba ne.

Masu ba da kwangila su fara tambaya ɗaya kafin sa hannu: mene ne a shafin nan da ke canzawa daga mai karatu zuwa mai karatu? Idan ɗan kwangila ya fara kame-kame, a rubuta a takarda cewa fayiloli ake so a hannu, waɗanda za a iya kwafewa a filas a kai duk inda aka ga dama.