Kwanon aike da akwatin bakin kanti

Tun ƙarshen Satumba makarantar yarana a nan Ingila take fara turo takardu. Ta farko ta bikin girbi ce: kowane yaro ya zo da gwangwanin abinci ko ƙunshin taliya, a tara a kai wa masu rabon abinci ga mabuƙata. A Nuwamba sai Children in Need, gangamin tara kuɗi don yara mabuƙata da BBC take yi duk shekara tun 1980, yara su tafi makaranta da kayan gida da ƴan kuɗi a hannu. Disamba na kamawa kuwa ba a magana, ga tara kayan wasa, ga ƴan Salvation Army, wata ƙungiyar agaji ta Kiristoci, a bakin kantuna.

Da farko kallon raini nake yi wa abin. Ina cewa a raina, mu za a koya wa kyauta? Mu da muka tashi a gidan da ba a ɗora tukunya daidai bakin masu gida? Sai da wani azumi ya zo ƙarshe na fitar da zakkar fidda-kai ta gidan gaba ɗaya ta waya, ina kishingiɗe, ɗana na gefena yana wasa bai ma san an yi ba. Layya ma haka take. A nan doka ba ta bari ka kayar da rago a tsakar gida, sai a mayanka mai lasisi, don haka yawancinmu kuɗi muke turawa a yanka a can gida. Ranar da na fitar da zakkar nan jikina ya yi sanyi. Yarana sun san ranakun kyautar Turawa ɗaya bayan ɗaya, amma ba su taɓa ganin hannun uwarsu ya miƙa wa wani komai ba.

Ni kuwa da ƙafa na koyi kyauta. Ana gobe Sallah mahaifinmu zai shimfiɗa tabarma ya zauna da buhu, yana auna mudun-nabi huɗu a kan kowane mutum, yana kiran suna da ƙarfi, har da jaririn goye. Sai Inna ta ɗora mini kwano a ka ta ce, "Ki yi sallama, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce ga shi ba yawa. Kada ki kuskura ki tsaya jiran tukuici." Gidan wata tsohuwa nake zuwa wadda mijinta ya rasu. Har yau ina ganin ɗakinta, gadon ƙarfe, fitila ɗaya, da yadda take juye hatsin a hankali kada ƙwaya ta faɗi. Ba wanda ya zaunar da ni ya yi mini wa'azi a kan talauci. Na gan shi, na gaishe shi, ya sa mini albarka.

Sai dai in zan faɗi wannan dole in faɗi ɗayan. A ƙofar gidan nan dai almajiri yake tsayawa, kuma abin da ake miƙa masa ragowa ce, wani lokacin ma wadda ta fara tsami. Mu yara muna kallo, muna koyon cewa akwai mutanen da ragowa ce rabonsu. Yanzu abin ya ƙara muni: a jera mata a rana cikin azumi, a ɗora wa kowacce ƙaramin buhu, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Alhali aya ta 264 a Suratul Baƙara ta hana mu ɓata sadaka da gori da cutarwa. Yaron da ya tashi yana ganin haka, nuna isa ya koya.

A nan wajen Turawa sun fi mu, kuma ba na jin kunyar faɗa. Masu tara kayan wasa sabo suke nema. Masu rabon abinci ba sa karɓar abin da wa'adinsa ya wuce. Mai karɓa kuma ba a tallarsa: likita ko makaranta ko ofishin ba da shawara zai ba shi takarda, ya je ya karɓi nasa, mai bayarwa bai san fuskarsa ba. Kuma kada wani ya ɗauka wasa ne don ana Ingila. Ƙungiyar Trussell, ɗaya daga cikin masu rabon abincin, ita kaɗai ta raba ƙunshin abincin gaggawa fiye da miliyan 3 daga Afrilun 2023 zuwa Maris na 2024, sama da miliyan ɗaya na yara ne. Wato gwangwanin da ƴata ta kai, ta yiwu a gidan wata ƴar ajinsu aka buɗe shi, kuma babu wadda za ta sunkuyar da kai a cikinsu.

Amma wannan rufin asiri yana da nasa rauni. Yaro ba ya ganin kowa. Gwangwanin ni na saya, ni na sa a jakarsa, shi ɗan aike ne da bai san inda aka aike shi ba. Wata rana muna fitowa daga kanti ƴata ta tsaya a gaban akwatin da ake jefa abincin sadaka ta ce, "Umma, wai wa yake cinye abin cikin nan?" Dariya na yi, daga baya na ga ba abin dariya ba ne. Ga shi kuma Janairu na shigowa sai a yi tsit, kamar yunwa ma ta tafi hutu.

Abin da na tsaya a kai shi ne, yaro ba ya koyon kyauta sai abin ya fita daga nasa, kuma ya ji fitarsa. Don haka duk kuɗin barka da Sallah da suka samu, kowa zai cire wani abu da kansa, ba na faɗin nawa. Mu tafi kanti, su zaɓa, su biya da hannunsu. Bara ɗana ya kawo motar wasa mai ƙafa uku ya ce ita zai bayar. Na ce, "Kai in aka ba ka ita za ka yi murna?" Ya yi ta ƙunƙuni, ya koma ɗaki ya daɗe, ya fito da kuɗinsa. Zakkar fidda-kai kuma, ko da ta waya ce, yanzu sai na tara su na kira sunan kowa da ƙarfi kafin in danna.

Wasu ƴan'uwa a nan suna ganin sa hannu a sadakar Disamba kamar taya bikin Kirsimeti ne. Ni ban gan shi haka ba. Haƙƙin maƙwabci bai tsaya a kan Musulmi ba, kuma a lokacin ne sanyi ya fi tsanani, kuɗin ɗumama gida yake cinye na abinci.

Aike ma na dawo da shi. Akwai wata tsohuwar Baturiya a layinmu, ita kaɗai take zaune. Ranar Sallah da ranar Kirsimeti nakan zuba abinci in ba ɗana, in maimaita masa maganar Inna, har da ta tukuici. Karo na farko ya dawo a guje, kwanon cike da cakulan, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Umma, wallahi ban tsaya jira ba, ita ta riƙe ni."