Tarihin Birni da takalmin da tabki ya ci

Duk wanda aka haifa a unguwar Birni yana fama da wata cuta guda, wato ba ya iya ganin baƙo ya ƙyale shi bai karanta masa tarihi ba. Saboda haka da surukina ya zo Damagaram daga Maraɗi a ƙarshen damina, sai na saka farar shadda, na ce zan zaga da shi.

Daga ƙofar fada muka fara, inda na ba shi labarin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye gari da ganuwa, kuma a zamaninsa aka ƙera igwa a nan. Muka ratsa lungunan da jaki biyu ba sa iya giftawa, tsakanin manyan duwatsu da gidajen ƙasa masu zanko, ina yi masa bayanin yadda Birni ta kasance mazaunin sarauta, Zango kuwa masaukin fatake da ayarin Buzaye. Tsohon bai ce komai ba sai "to, to", ni kuma na ɗauka ilimina ne ya ɗaure masa kai.

Muka ɓullo bakin tabki, irin ramukan nan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu, ruwan sama ya mayar da su nasa. Masu buga tubali suna cuɗa laka, yara suna wanke tumaki, ruwan kuwa kore shar, ledoji na yawo a kansa. Domin girmamawa sai na juyo na fuskanci surukina, ina tafiya da baya ina cewa, "Baba, Faransawa sun ci garin nan a 1899, suka mai da shi babban birnin Nijar, amma a 1926 suka kwashe suka koma Yamai, kuma cikin dalilan da ake ambata har da ƙarancin ruwa."

Ban rufe baki ba ƙafata ta zame, sai ga ni zaune cikin tabki har ƙirji, hulata tana tafiya ita kaɗai. Tsohon ya gyara tsayuwa, ya dube ni da kyau, ya ce, "Ashe dai sun yi gaggawa, ga ruwa nan ya ishe ka."

Masu tubali suka jawo ni suna yi mini sannu, kafaɗunsu na rawa. Na fito da takalmi ƙafa ɗaya, wani yaro ya ce zai lalubo ɗayan a kan dala ashirin, kuma sai an biya tukuna, domin shi ma ɗan Birni ne, ya san ciniki. Ya nutsa, ya daɗe, ya fito da silifa ja ta mata, ya rantse cewa ita kaɗai ce a wurin.

Da ita na taka har gida saboda tsakuwa. Uwargida ba ta tambayi shaddar ba, ba ta tambayi lakar ba. Silifar ta nuna, a gaban mahaifinta, ta ce in faɗa mata mai ita.