Abin da Schnabel ya fita da shi daga Barlin

'Yan'uwana matasa, akwai wata ɗabi'a da ta kama da yawanmu: mutum bai gama koyon abu ba ya fara neman a san shi da shi. Wata uku a gaban malami, sai ka ga ya buɗe shafi ya sa wa kansa laƙabi. Ga labarin wani mutum, ku auna kanku da shi. Na san wani zai ce me ya haɗa mu da Bayahude makaɗin fiyano. To, darasin da ke ciki ba na kiɗa ba ne kawai.

Sunansa Artur Schnabel, an haife shi a 1882 a ƙasar daular Austiriya ta wancan lokaci. Yana ɗan shekara tara aka kai shi wurin Theodor Leschetizky a Biyana, babban birnin Austiriya, malamin da makaɗa ke tururuwa zuwa wurinsa daga ko'ina a Turai. Ya zauna gabansa har 1897, duk da cewa tun yana yaro mutane ke ta yabon hannunsa. Ku lura da wannan: yabo bai tayar da shi daga gaban malami ba. A 1898 ya koma Barlin, ya yi aure a 1905, ya fara koyarwa a babbar makarantar kiɗa ta birnin a 1925. A 1927 ya kaɗa dukkan sonata 32 (dogayen kaɗe-kaɗen fiyano) na Beethoven, shahararren mawallafin kiɗa Bajamushe, a jere, domin cikar mawallafinsu shekara ɗari da rasuwa.

Mutum ne mai taurin kai a kan sana'arsa. Idan ya gama wasa jama'a suka yi ta tafi suna neman ƙari, sai ya fito ya rusuna ya koma, ba ya ƙarawa. Ba ya kuma zaɓen kiɗan da zai nuna saurin yatsu don a ce kai! Ya daɗe yana ƙin a ɗauki kiɗansa a faifai. Sai a 1932 ya yarda, ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road a Landan. Faifan garmaho na lokacin minti huɗu da 'yan kai kowane gefe ke ɗauka, don haka dole ya riƙa tsayawa a tsakiyar kiɗa a sa sabo, sannan ya ɗora daga inda ya tsaya. Haka ya yi ta fama har 1935, ya zama na farko da ya ɗauki sonata ɗin nan gaba ɗaya. Har yau ana jin inda yatsansa ya zame a wasu wurare, kuma har yau ana sayensu.

Ana cikin wannan aiki Hitler ya hau mulki a 1933. Aka fara korar Yahudawa daga ayyukan gwamnati, ƙofofin zauren wasa suka rufe musu. Shekara 35 Schnabel ya yi a Barlin, amma dole ya tattara iyalinsa ya fita. Matsayi ya tafi, gida ya tafi, masu tafin nan ma da yawansu suka yi gum. Mahaifiyarsa da ta zauna a Biyana, a 1942 aka kwashe ta zuwa sansanin Theresienstadt, inda gwamnatin Hitler ke tsare Yahudawa, tana da shekara 83, can ta rasu. Shi kuwa bai sake yin wasa a Jamus ba har mutuwarsa a 1951.

Me ya rage masa? Abin da ya zauna ya koya. A Tremezzo, bakin tafkin Como a Italiya, ya buɗe aji, ɗalibai suka bi shi. Da can ma ya gagara, ya wuce Amurka a 1939 ya ci gaba da koyarwa. Ku da kuke ganin takardar ɗaukar aiki ko yawan mabiya a intanet ita ce madogara, ku tambayi kanku: in gobe aka ƙwace, me za ku iya yi da hannunku a garin da ba wanda ya san ubanku?

Kuma kada ku zama masu rowar ilimi, irin waɗanda ke ɓoye wa yaran shagonsu sirrin aiki don kada su fi su. A 1938 aka kawo wa Schnabel wani yaro ɗan shekara tara daga Amurka, Leon Fleisher, ya riƙe shi kusan shekara goma. Fleisher ya shahara, sannan a 1964 yatsu biyu na hannunsa na dama suka fara nannaɗewa, suka ƙi bin umarninsa. Sai ya koma kiɗan hannun hagu da jagorancin makaɗa, ya kuma duƙufa ga koyarwa a makarantar Peabody da ke Baltimore, inda ya yi fiye da shekara 60 yana ba ɗalibai abin da ya karɓa daga Schnabel.