Ƙanƙarar kogi ma tana hannun mai buɗe ƙofar dam

A birnin Krasnoyarsk na yankin Saberiya a Rasha, sanyin watan Janairu kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, amma kogin Yenisei da ya ratsa birnin ba ya daskarewa. A da yana daskarewa, har a tsallaka shi a ƙafa. Abin da ya sauya shi ne katafariyar madatsar ruwan da aka kammala a 1972 kusa da garin Divnogorsk, sama da birnin kaɗan. Tun daga nan kogin yake kwana a buɗe duk hunturu, tsawon sama da kilomita 100 a ƙasan dam ɗin, yana ta da tururi da hazo a kan birnin da ke fama da hayaƙin masana'antu.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Ruwa ya fi nauyi idan ɗuminsa ya kai digiri 4, don haka a tafki mai zurfi ruwan da ya fi sanyi ne ke zama a sama ya daskare, mai ɗan ɗumin ya kwanta a ƙasa. Injinan lantarkin dam ɗin kuwa daga can ciki suke jan ruwa. Abin da ke fitowa daga bakinsu ruwa ne da ya ɓoye zafin rani, kuma sai ya yi doguwar tafiya kafin iska ta ƙwace masa wannan zafin.

Akwai kuma batun yawan ruwan. Kogin arewa da ba a tare ba yakan ƙanƙance da hunturu, ya cika ya batse idan dusar ƙanƙara ta narke. Dam yana juya wannan tsarin: a tara ruwan narkewa a ajiye, a sake shi da hunturu lokacin da kowa ke neman wutar ɗumama gida. Ga shi buƙatar wuta tana hawa da safe da almuru, ta sauka cikin dare, kogin ma haka zai riƙa hawa da sauka ƙarƙashin ƙanƙarar da ke son ruwa ya tsaya cik kafin ta yi kauri.

Ra'ayina a nan shi ne, injiniyoyi sun daɗe da sanin yadda ake sarrafa ƙanƙarar kogi, kuma suna yi da ƙwarewa. Sai dai an fi ganin ƙwarewar a inda asarar za ta faɗa kan injin ko babban birni. Inda asarar ta mafarauci ce ko masunci, a nan ake jin cewa lamarin yana da sarƙaƙiya, sai an ƙara bincike.

A kogin St. Lawrence da ke tsakanin Amurka da Kanada, duk shekara idan ƙanƙara ta fara kamawa, hukumar haɗin gwiwa da ke kula da ruwan tafkin Ontario takan rage ruwan da ake saki daga madatsar Moses-Saunders. Ana yin haka ne don ruwa ya lafa, ƙanƙara ta shimfiɗu sumul a sama. In ba a yi ba, ruwan da ke gudu a buɗe cikin tsananin sanyi yakan haifi ɓarɓashin ƙanƙara mai manne wa duk abin da ya taɓa. Yana iya toshe ragar ƙarfen da ke bakin injin cikin dare ɗaya, ko ya taru a ƙarƙashi ya shaƙe kogin. Da zarar rufin ya yi ƙarfi, sai a sake buɗe ƙofa. Ana haƙura da kuɗin wutar 'yan kwanaki don a tsira da ta sauran hunturun. A kogin Niagara ma, tun 1964 ake shimfiɗa shinge mai iyo a bakin tafkin Erie don kada ɓallin ƙanƙara ya gangaro kan tashoshin wuta.

Ƙasar Sin tana da nata salon. Rawayen Kogi, a yankin Ningxia da Mongoliya ta Gida, yana gudu ne daga kudu zuwa arewa, don haka samansa ke riga narkewa alhali ƙasansa na kulle. Ruwa ya taho ya tarar da ƙofa a rufe, sai ambaliya. Shi ya sa a lokacin ake taƙaita ruwan da madatsar Liujiaxia ke saki, an kuma sha tura jirage da manyan bindigogi su farfasa ƙanƙarar da ta cushe.

To, a dubi kogin Peace a Kanada. A 1968 aka kammala madatsar W.A.C. Bennett a lardin British Columbia. Fiye da kilomita 1,000 a ƙasa, a lardin Alberta, akwai fadamar Peace-Athabasca, ɗaya daga cikin manyan fadamun ruwan daɗi na duniya, mafi yawanta cikin gandun dajin Wood Buffalo da UNESCO ta sa a jerin wuraren gado na duniya. Wannan fadama ba ta gudun ambaliyar ƙanƙara, da ita take rayuwa. Akwai ɗaruruwan ƙananan tafkuna da suka ɗara kogin tudu, ruwa ba ya isa gare su sai ranar da ƙanƙara ta ɓalle da ƙarfi, ta cushe a wata kwana, kogin ya kumbura ya malala. In aka jima ba a yi haka ba, tafkunan su ƙafe, itatuwa su cinye wurin, ɓeran ruwan da 'yan asalin yankin ke farauta don fatarsa ya yi ƙaranci, jiragen ruwan mutanen garin Fort Chipewyan da ke kusa da fadamar su kasa shiga wuraren da kakanninsu suka saba.

Bayan babbar ambaliyar 1974, sai 1996 aka sake ganin irinta. Wasu masana sun ɗora wani ɓangare na laifin a kan dam: tunda ana sakin ruwa da yawa da hunturu, ƙanƙara takan kama a matsayi mai tudu, don haka ruwan narkewa sai ya yi yawa ƙwarai kafin ya iya ɗaga ta ya farfasa. In bai kai ba, ta narke a inda take, shiru. Wasu kuma sun ce dusar ƙanƙarar da ke sauka a yankin ce ta ragu, kuma fadamar ta sha bushewa tun kafin a san da dam. Duka ɓangarorin suna da hujja, kuma ba na jin akwai mai gaskiyar da zai ce sauyin yanayi ba shi da hannu. Haka nan ba a buƙatar dam kafin ƙanƙara ta yi ɓarna: kogin Lena na Rasha ba shi da madatsa a kan babban jikinsa, amma a Mayun 2001 cushewar ƙanƙara ta nutsar da garin Lensk.

Amma wannan gardama ba ta wanke kowa ba. Babu mai iya juya dusar ƙanƙara, ƙofar dam kuwa akwai mai riƙe da ita. An ma gwada: a 1996, da aka ga ƙanƙara ta cushe kusa da fadamar, kamfanin BC Hydro, mai gudanar da madatsar Bennett, ya ƙara sakin ruwa da gangan don ambaliyar ta daɗe. Kuma kamfanin nan ne dai yake daidaita sakin ruwansa duk shekara idan ƙanƙara na kamawa kusa da garin Peace River, don kada ruwa ya shiga gidaje. Ashe ana iyawa. A 2014 al'ummar Mikisew Cree, 'yan asalin yankin fadamar, sai da ta kai kuka har UNESCO, amma hakan bai hana a gina wata sabuwar madatsa, Site C, a kan kogin ba.

Shi kansa tafkin yana da nasa haɗarin, wanda ba a cika magana a kai ba. Yayin da ake zuƙe ruwa cikin hunturu, ƙanƙarar tsakiya tana bin ruwan ƙasa, ta gefe kuma ta maƙale a gaɓa, ta tsattsage, wani wuri ta bar rami a ƙarƙashinta, dusa ta rufe. Makiyayan Sami na arewacin Suwidin da Norwe, waɗanda hanyoyin dabbobinsu suka bi ta kan koguna da tafkunan da aka tare, sun daɗe suna kokawa da haka. Gare su ƙanƙara hanya ce, kuma babu hukumar da za ta yarda a riƙa karya gada kowace safiya saboda farashin wuta ya tashi.

Ba ina cewa a rushe madatsu ba ne. Wasu daga cikin ƙasashen nan da wutar ruwa suke ɗumama gidajensu, kuma abin da zai maye gurbinta sau da yawa gawayi ne ko gas. Abin da ya kamata shi ne a rubuta ƙanƙara cikin lasisin dam, kamar yadda ake rubuta mafi ƙarancin ruwan da dole a bar wa kifi: iyakar saurin ƙara ruwa ko rage shi a makonnin kamawar ƙanƙara, zurfin da za a ja ruwa daga gare shi, da wajabcin sakin ruwa a shekarar da ambaliyar fadama ta samu. A kuma ba mutanen da ke taka ƙanƙarar kujera a kwamitin da ke tsara jadawalin, da ikon cewa a dakata.