Harafin O ya ishe ni

Wallahi 'yar na'urar nan RTL-SDR, mai kamo rediyo da ake soka wa kwamfuta ta USB, ta ishe ni. Daren jiya a Samaru na kunna manhajar sarrafa siginar rediyo ta GNU Radio zan saurari FM, sai allo ya cika da OOOO, murya tana yankewa kamar mai shaƙuwa. Wato bayanai na shigowa fiye da yadda tsohuwar kwamfutata ke kwashewa, bafa (ma'ajiyar wucin gadi da bayanan ke jira a ciki) ta cika ta tumbatsa. Na'urar na turo samfur (awon sigina) miliyan 2.4 a daƙiƙa, kowanne bayit 2, kusan megabayit 5 fa!

Na ƙara girman bafa, sai jinkiri: in canza tasha, ta yi shiru kafin ta amsa. Na sake ƙarawa, Linux ya ƙi, wai megabayit 16 kacal aka ware wa USB. Ina cikin gyara usbfs_memory_mb, saitin da ke ƙayyade wannan adadin, aka ɗauke wuta.